Mita Biyar da Aka Yanke

Gobarar ta tashi da hantsi, ana tsakiyar aiki, kowane inji a kamfanin kujerun yana ruri. Kafin motar kashe gobara ta iso, wuta ta cinye ɗakin lantarki da rabin sito, har da kujeru ɗari biyu da aka gama wa wata makaranta. Ba a rasa rai ba. Amma tun hayaƙi bai gama washewa ba aka samu mai laifi, don mutane ba sa iya tsayawa a gaban toka ba su da wanda za su zaga. Maigadi aka nuna. An gan shi ya fito daga ɗakin lantarkin da butar shayinsa minti goma kafin wutar ta kama, kuma kowa ya ji cacar bakin da suka yi da Manaja a farkon mako, inda ta ce masa ya nemi wani aikin a ƙarshen wata. Kafin la'asar yana kulle a caji ofis.

A rana ta uku Sajan na caji ofis ɗin ya aika aka kira Mai-igiya. Tsohon mai aikin wutar lantarki ne, ya yi shekara arba'in yana hawa tsani kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Yanzu sawun gobara yake bi, yadda maharbi ke bin sawun dabba, daga inda ta mutu har zuwa inda aka haife ta. Sunan ya samo shi ne daga wata farar igiya da ba ta barin aljihunsa, wadda ya ƙulle a kowace mita, don ya ce awon ƙarfe ba ya bin kwana yadda waya ke bi.

"Gobe da safe za mu kai maigadin kotu," in ji Sajan a bakin ƙofar kamfanin. "Ka duba mana don a cika takarda. Ni dai a ganina magana ta ƙare."

A kan bencin da maigadin ke zama, wata mata ce zaune da kwanon abinci a cinya, ɗaure da ƙyalle. Da ta ga Mai-igiya sai ta miƙe ta durƙusa.

"Baba, ni ce matarsa. An ce kai ne mai gane gaskiyar wuta. Mijina yana da baki, ban musa ba, amma ko takarda ba ya ƙonawa a tsakar gida."

Mai-igiya ba mutum ne mai alƙawari ba. Ya ce mata zai duba, ya wuce.

A farfajiya ya tarar da ƙanensa, wanda shi ne mai kula da wutar kamfanin. Tsaf-tsaf ake ce masa, saboda ko ƙusa ya buga sai ya ja baya ya ga ko ta miƙe. Ya haura hamsin, furfura ta fara cin gemunsa, amma har yanzu in yayansa na magana hannuwansa a baya suke. Mai-igiya ne ya koya masa aikin, shi ne kuma ya samar masa gurbin nan.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ni ma na dudduba, ban ga komai ba."

Idanunsa sun yi ja. Mai-igiya ya ɗauka hayaƙi ne da ɓacin rai, ya dafa kafaɗarsa ya ce masa ya je ya huta.

* * *

Ya fara da mai fenti, don jarkokin man tsinka fentinsa ne suka sa sito ya ci kamar takarda. Mutumin ya riƙa rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, har ya rantse a kan abubuwan da babu ruwan kowa da su. Mai-igiya ya bar shi yana yi, ya tafi ya duba bangon da ya raba sito da ɗakin lantarki. Baƙin hayaƙin ya nuna wutar daga ɗakin ta keta zuwa sito, ba daga sito ta fito ba. Man fenti ya ciyar da ita, amma ba shi ya haife ta ba.

Sai mai babban injin yanka, wanda duk kamfanin ya san yana laɓewa ya sha taba, ban da Manaja.

"Baba, ka rufa mini asiri, ina da 'ya'ya shida."

"Da ka tuna da su kafin ka kunna ashana a gidan katako. Ina kake sha?"

Ya kai shi bayan banɗaki, can ƙarshen fili. Guntayen tabar suna nan birjik a cikin kwata, tafiyar taku tamanin daga inda wuta ta ci. Mai-igiya ya yi tsaki ya sallame shi.

A caji ofis aka fito masa da maigadin, doguwar fuska, ido ya faɗa. Bai jira tambaya ba.

"Na shiga ɗakin, Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Can nake ajiye butata."

"Risho kake kunnawa a ɗakin wuta?"

"Haba, ni yaro ne? A bakin ƙofa nake dafawa. Akwai wani wuri a bayan babban akwatin, ƙasa-ƙasa, inda wata baƙar waya ta fito daga bututu. Wurin yana da ɗumi. In na jingina butar a nan da safe, har azahar shayin bai huce ba."

Mai-igiya ya ɗago kai.

"Tun yaushe yake da ɗumi?"

"Bara dai ba haka yake ba. Wata huɗu ke nan, ko biyar. Kwanan nan ma har sai na sa ƙyalle nake ɗaukar butar."

"Ka gaya wa wani?"

"Wa zan gaya wa? Ni na ɗauka alheri ne."

Sajan ya yi dariya. Mai-igiya bai yi ba, don ya san waya ba ta ɗumama shayi sai in tana cin kanta.

* * *

Ɗakin lantarkin ƙarami ne, ba rufi yanzu, ƙasa duk caɓalin toka da ruwa. Mai-igiya ya san ɗakin kamar tafin hannunsa, don shi ya yi aikin wutarsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya tsuguna da ƙyar ya bi baƙin da ke jikin bango da ido. Daga sama yana da faɗi, yana tsukewa yana gangarowa, har ya ƙare a bayan babban akwatin rarraba wuta, daidai bakin bututun da maigadi ya faɗa.

Manyan wayoyi biyu ne ke kawo wuta daga taransifoma zuwa akwatin, kowace ta kai kaurin damtse. Ɗaya ba za ta iya ɗaukar nauyin injinan ba, shi ya sa aka haɗa su biyu, kai da kai, gindi da gindi, su raba kayan. Ɗaya ta bi ta bututu a ƙarƙashin ƙasa kai tsaye. Bututun bai ɗauki biyu ba, saboda haka ɗayar ta zagaya ta jikin bango.

Ya sa wuƙa ya tsaga wayar da ta bi jikin bangon. Bayanta ya babbake, amma cikinta lafiya lau, tagullar tana ƙyalli. Ya sa ma'aikata huɗu suka kwance ta cikin bututun suka jawo ta waje. Wannan ko inda harshen wuta bai taɓa kaiwa ba, robarta ta bushe tana marmashewa a hannu, tagullar ta yi baƙi. Daga ciki ta dahu, kuma ba a rana ɗaya ba.

Aka shimfiɗa su biyun a farfajiya, ya ciro igiyarsa. Ta bango, ƙulli goma sha biyu. Ta bututu, ƙulli bakwai. Ya sake aunawa, ko da yake ya san hannunsa bai yi kuskure ba. Lokacin da ya shimfiɗa su shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kowace mita goma sha biyu ce cif. Rarar mita biyar ɗin ta bututun ya kwantar da ita ne a ƙasa a bayan akwatin, ta tafi ta dawo kamar maciji, don tsawonsu ya zo ɗaya.

"To mene ne a ciki?" in ji Sajan. "Gajera da doguwa, ai duk wuta suke kaiwa."

"Wuta gajeriyar hanya take so, Yallaɓai. In ka haɗa waya biyu su raba kaya, doka ta ce tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, ƙarfensu iri ɗaya. In ɗaya ta gajarta, ita za ta sha nauyin."

"Ko da ɗan yatsa ne bambancin?"

"Ba wanda zai kama ka a kan ɗan yatsa. Ko taƙi guda ne a doguwar tafiya, wuta ba za ta ji ba. Abin da ake dubawa shi ne nawa aka rage daga nawa. Nan biyar aka cire daga goma sha biyu. Wannan gajerar kusan kashi biyu cikin uku take ɗauka, alhali rabi aka yi ta don shi."

"Me ya hana babban makunni ya katse?"

"Shi jimilla yake gani, kuma jimilla ba ta wuce kima ba. Bai san ɗaya na mutuwa ɗaya na hutawa ba."

Sajan ya sosa ƙeya. "Ke nan ɓarawon tagulla ne. Wa ya fi maigadi damar sata?"

Mai-igiya ya ɗaga kan gajerar wayar ya duba. Ɓarawo yankewa yake yi ya gudu. Wannan an fere ta daidai, an matse mata sabon bakin ƙarfe, an naɗe da salatif layi bisa layi, babu inda wani ya hau wani. Ya daɗe yana kallon naɗin. Ya ajiye wayar a hankali.

* * *

Mai shara ya tarar a bayan ofis tana wanke bokiti, mace mai fara'a da surutu. Ya tambaye ta ko tana share ɗakin lantarki.

"Kullum, Baba. Garin katako ba inda ba ya shiga. Da can ma wahala nake sha, saboda wani baƙin maciji na waya da ke kwance a bayan akwati. Ban san wane mugun ne ya bar shi a nan ba."

Mugun kuwa shi ne tsaye a gabanta.

"Ranar nan ya harɗe ni na faɗi, ga ciki wata bakwai. Ƙanenka ne ya ɗaga ni. Ya ce kar in damu, ba zan sake ganinsa ba. Ranar hutu ya zo shi kaɗai ya cire. Allah ya yi masa albarka, mutumin kirki ne. 'Yar da na haifa ma watanta uku yanzu."

Ya gode mata. Ƙafafunsa suka kai shi ɗan ɗakin ajiyar kayan aikin ƙanensa, wanda wuta ba ta taɓa ba. Komai a muhallinsa yake. Tsaf-tsaf ba ya yar da ko guntun waya, kowanne a naɗe a rataye a ƙusarsa, da takarda a manne a ƙasa, an rubuta kauri da tsawo da rana. Ƙusa ɗaya ce babu komai a kanta. Da'irar inda naɗin ya zauna tana nan fes a jikin bango mai ƙura, alamar ba a fi kwana biyu da ɗauke shi ba. Takardar ma an ɓamɓare ta, sai ɗan gefen da gam ya riƙe.

Wannan ƙusar ta fi yankan yi masa ciwo. Yanka kuskure ne, kuma don tausayi aka yi shi. Amma wanda ya ɗauke naɗin bayan gobara ya riga ya gane, ya kuma bar bawan Allah ya kwana biyu a kan siminti.

Ya zauna a kan wani akwati. Yana iya rubuta cewa ba a gano musabbabi ba. Ba wanda zai ƙaryata shi, don duk garin ba mai bin waya da igiya sai shi. Ƙanensa zai ci gaba da aikinsa, matansu za su ci gaba da aika wa juna miya. Maigadi kuma zai tsaya gaban alƙali da butarsa da bakinsa, ga shaidu goma da suka gan shi. Mai-igiya ya yi wannan tunanin har ƙarshensa, kuma ya ji kunyar daɗewar da ya yi a cikinsa. Ya tashi ya ce wa Sajan a tara mutane, a kawo maigadin.

* * *

A ɗakin nuna kaya aka taru, kowa ya ɗosana a kan sabuwar kujera mai leda, in an motsa sai ta yi ƙara. Manaja tana gaba, fuska a ɗaure. Mai fenti da mai inji sun zauna nesa da juna. Mai shara tana bakin ƙofa, maigadi yana tsaye kusa da Sajan, matarsa a bayansa. Tsaf-tsaf ya jingina da bango.

Mai-igiya ya yi bayanin wayoyin biyu a taƙaice, yadda ya yi wa Sajan. Ya ce ba fenti ba ne, ba taba ba ce. Manaja ta juya ta dubi mai inji.

"Wace taba?"

"Wannan maganar wata rana ce, Hajiya. Butar maigadi kuwa ba ta ƙona komai ba. Ita ce ma ta fara jin zafin, da akwai wanda ya tambaye ta."

"To wa ya yanke wayar?"

"Yana ɗakin nan. Ba don sata ya yi ba, ba don mugunta ba. Kuma aikin da ya yi a kan wayar, ban taɓa ganin mai kyansa ba." Ya dakata. "Zan so ya faɗa da bakinsa."

Ya jira. Bai kalli bango ba, ƙasa yake kallo, yana roƙon Allah a zuciyarsa ya ji muryar. Leda ta yi ƙara a ƙarƙashin wani. Mai shara ta kama baki, ido ya cika da hawaye, don ta gane abin da surutunta ya jawo. Muryar ba ta zo ba.

"Ƙanena ne," in ji Mai-igiya. "Kuma ya sani tun shekaranjiya."

Tsaf-tsaf ya zame ya tsuguna a gindin bango.

"Guntun yana gidana, a ƙarƙashin gado," ya ce. "Da na ga inda wutar ta fara, gabana ya faɗi. Na yi ta cewa gobe zan faɗa." Ya juya wajen maigadi. "Malam, ka yafe mini."

Maigadin, wanda aka san shi da baki, ya dube shi.

"Kullum sai na zuba maka shayin nan," ya ce, bai ƙara ba.

Matarsa ta ja hannun rigarsa suka fita. Manaja ta bi su da kira, tana cewa ya dawo bakin aikinsa gobe, amma ko waiwaye bai yi ba. Sajan ya ce Tsaf-tsaf ya zo ya ba da bayani a rubuce. Kowa ya san aikinsa ya ƙare, kuma da wuya wani kamfani ya sake miƙa masa makullin ɗakin wuta.

* * *

A farfajiya, kafin a buɗe motar 'yan sanda, 'yan'uwan biyu suka tsaya kusa da wayoyin da ke shimfiɗe a ƙasa. Mai-igiya yana ta neman abin da zai ce. Faɗa yake son yi, don faɗa ne ya iya.

"Shekara talatin kana aikin nan. Ko sau ɗaya ba ka tambayi kanka me ya sa na bar rarar ba?"

"Na tambaye ka, Yaya."

"Yaushe?"

"Ranar da muka shimfiɗa ta. Ni na riƙe maka kan. Na ce ga rara nan, in yanke? Ka ce in bar ta. Na ce don me? Ka ce in na gama zama injiniya in zo in koya maka aiki. Ma'aikata suka yi dariya." Ya yi maganar ba tare da zafi ba, kamar mai karanta awo. "Sai na ɗauka kuskuren awo ka yi, kana jin nauyin a gani. Shekara goma sha ɗaya ina kare ka. In baƙon ma'aikaci ya tambaya, sai in ce ajiya ce."

Mai-igiya ya buɗe baki zai ce ba a yi haka ba. Sai ranar ta dawo masa gaba ɗaya, zafin rana, gumi a ido, dariyar ma'aikatan, da daɗin da ya ji da suka yi dariyar. Amsar ba ta fi numfashi biyu ba. Ɗazu ya ba Sajan ita a tsaye, ya ba Manaja, har mai fenti ya ji ya gyaɗa kai. Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa tambayarsa a lokacin da amsar za ta yi amfani.

"Ɓoyewar laifina ce, ban ɗora wa kowa ba," in ji Tsaf-tsaf. "Ka biya ta gida ka gaya wa iyalina kar su jira ni da abinci."

Sajan ya buɗe ƙofar mota.

"Dakata," in ji Mai-igiya. Ya kama hannun ƙanensa ya jawo shi kan wayoyin, ya durƙusa a kan gwiwoyin da ba sa son durƙuso, ya ɗora hannu a kan gajerar. "Ka ga, in waya biyu suka raba kaya..."

"Na sani, Yaya," in ji Tsaf-tsaf a hankali. "Yanzu na sani."

Ya zare hannunsa ya shiga motar.